Makunni Uku a Motar Maiwada

Tun da aka sace wa Maiwada babur a kasuwar Ajingi bai sake yarda da kowa ba. Ya kafe shi a gindin wata darbejiya kusa da 'yan hatsi, ya shiga cinikin buhuna, da ya fito babu komai a wurin sai ɗigon baƙin mai a ƙasa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne an tafi da babur ɗin har da sarƙar da ya ɗaure shi da ita, kuma duk mazauna wurin ba wanda ya ga komai. Nan ya yanke hukunci cewa wanda ya san shi ne ya yi masa aikin. Ya yi ta faɗar haka a majalisa da wurin ɗaurin aure, har abokansa suka fara tsarguwa suna rage zama da shi.

Yayarsa Hanne ta ji labarin nan har ta haddace shi. Ita ce babba a ɗakinsu. Bayan rasuwar mijinta ta dawo gidan mahaifinsu a Gafasa, ta kama sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, tana da masu saye a Ajingi da Gaya. Wahalar kai kaya ce ta sa ta yarda da shawarar ƙanen nata. Ta sayar da bijiman da ta gada, shi kuma ya sayar da amfanin gonarsa na shekarar, suka haɗa suka sayi wata tsohuwar a-kori-kura fara. Shi zai riƙa tuƙi, yana ɗaukar kayanta da na mutanen gari.

Motar na shigowa hannu ya ce sai an sa mata abin da direbobi suke kira sikyuriti. Hanne ba ta ga aibun hakan ba. Ranar da za ta kai mai Gaya suka tafi tare, suka tsaya a rumfar Kamilu mai wayarin mota, a bakin tasha. Kamilu mutum ne mai sanyin magana, ya ba ta benci ta zauna, sannan ya buɗe gaban motar yana yi wa Maiwada bayani.

"Waya ɗaya ce take kai wuta famfon mai. Zan yanke ta, in sa mata ɗan makunni, in ɓoye shi a cikin motar. In za ka bar ta sai ka kashe shi. Ko ɓarawo ya tayar da ita, ɗan man da ya rage a bututu kawai za ta sha, ta yi tafiya kaɗan ta mutu masa a hanya. Shi kuwa ba zai tsaya gyaran mota ba."

"Madalla," in ji Hanne. "Wannan dabara ce."

Maiwada ya sosa ƙeya ya dube ta. "Yaya, ko za ki ɗan leƙa wurin masu man naki kafin mu gama?"

"Ai a gabanka na sauke musu."

"To ki ɗan zaga kasuwa mana."

Sai a lokacin ta gane inda ya dosa. Ta gyara mayafinta ta ce, "Ni za ka ɓoye wa? Rabin motar nan fa nawa ne."

"Ba ke nake tsoro ba. Ke za ki gaya wa Talatu, ita kuma ta faɗa a gidan suna, shi ke nan gari ya ɗauka."

Talatu matarsa ce, kuma duk gidan ba wanda ya kai ta rashin magana. Hanne ta tuna masa da haka, ta ƙara da cewa ita ko tuƙi ba ta iya ba, balle ta gudu da motar.

"To kin gani," in ji shi. "Me za ki yi da shi?"

Kamilu ya sa baki, ya ce a sana'arsa yakan ba mutane shawara ko mutum ɗaya ne a gida ya san wurin, saboda halin rayuwa. Maiwada ya ce ya ji, ya gode. Hanne ta tashi ta koma rumfar mai shayi da ke can gefe, tana hango su. Ta ga ƙanenta ya riƙe hannun Kamilu yana ta magana, Kamilu yana gyaɗa kai da alamar gajiya. A hanyar komawa Maiwada ya gaya mata cikin jin daɗi cewa ya sa Kamilu ya rantse ba zai taɓa faɗa wa kowa ba.

Daga ranar hawa motar nan ya zama aiki. In an iso wuri, sai kowa ya sauka ya ba motar baya kafin direba ya fito. In za a tashi, sai ya shiga shi kaɗai ya rufe ƙofa, ya yi 'yan dube-dubensa, sannan ya kira mutane. Wani lokaci hira takan ɗauke masa hankali ya manta bai kunna abin ba, a yi ɗan nisa mota ta mutu a tsakiyar hanya. Haka ta faru ranar da ya ɗauki tsofaffin unguwa za su ta'aziyya Kademi. Ya sauke su duka a cikin rana, har da wata mai ciwon gwiwa, ya ce su fuskanci gonar dawa. Da suka dawo Hanne ce ta bi su gida-gida tana ba da haƙuri.

Ba a jima ba Usaini, ɗan Bappansu, wanda yakan karɓe shi tuƙi in tafiya ta yi nisa, ya ce masa cikin raha, "Wai me ka ajiye a ƙarƙashin kujera ne kake ta lalube kullum?" Washegari Maiwada ya wuce Gaya da sassafe, ya bar jarkokin Hanne a ƙofar gida, ranar kuma kasuwar Ajingi ke ci. Ya dawo da la'asar ya ce an canja wa makunnin wuri. Bayan wani lokaci Talatu tana share cikin motar ta ce ta ga wata 'yar waya ta leƙo a bayan sitiyari, ko ɓera ne ya ja ta. Ya sake wucewa Gaya, ya sake barin jarkokin.

A wannan karon Hanne ta tare shi a zaure. "Masu sayen maina sun fara komawa wurin wata. Motar da na sa dukiyata don ta kai mini kaya, ta fi sanin rumfar Kamilu a kan kasuwa."

"Gara ki rasa kasuwa ɗaya da ki rasa motar gaba ɗaya, Yaya."

"Wa ya ce maka Usaini ɓarawo ne? Ko matarka?"

"Ban ce ba."

"To me kake cewa?"

Ya ɗauki buta ya fita. Ta kai ƙara wurin Bappa, tsohon ya kira shi ya yi masa nasiha, Maiwada ya durƙusa ya saurara da ladabi, ya ce in sha Allahu zai duba. Bai duba komai ba.

Da kaka ta yi aka taru a gonar gidan, bayan gari, ana kwasar gyaɗa. Akwai 'yan uwa da maƙwabta da suka zo gayya, mata suna tsinka a inuwar tsamiya, maza suna ɗura buhuna. An kafe motar a bakin gona. Hantsi ya ɗaga sosai lokacin da Maiwada ya sa hannu zai ɗaga wani tarin harawa da ya kwana biyu a ƙasa. Ya ja da baya da sauri ya zauna daɓas, yana riƙe da ƙafarsa ta hagu. Usaini ya ga abin yana sulalewa, ya bi shi da fartanya ya kashe. Kububuwa ce.

Wuri ya rikice. Wani ya ce a tsaga wurin, wani ya ce a nemo mai magani a ƙauyen gaba. Hanne ta ture su ta durƙusa, ta ga ƙananan huji biyu a saman idon sawu, jini yana tsattsafowa bai tsayawa. Ta taɓa ganin irin wannan a wurin wani maƙwabcin mijinta, kuma ta san yadda ta ƙare.

"Ba wanda zai tsaga komai," ta ce. "Asibiti za mu, Gaya. Usaini, karɓi makulli."

"Ni zan tuƙa," in ji Maiwada.

"Da wace ƙafar za ka taka kuloci?"

Ya yunƙura zai miƙe, ƙafar ta ƙi ɗaukarsa. Maza suka ɗaga shi suka kwantar a bayan motar a kan buhunan da ba a cika ba. Talatu ta hau ta tallafe kansa, Hanne ta hau gefensa. Usaini ya murza makulli, mota ta tashi lafiya, suka bi hanyar shanu da ke fita titi. Ba su kai ga kwalbatin da ke ƙarshen gonar ba injin ya yi tari ya mutu.

Usaini ya murza, ya sake murzawa. Mutanen gayya suka rugo suka hau turi, motar ta yi gaba tana jijjiga, ba ta kama ba. Suna cikin turi na biyu Hanne ta dubi fuskar ƙanenta, ta ga yana kallon sama yana kauce wa idonta.

"Ku dakata," ta ce wa masu turi. Ta sunkuya kansa. "Ba ka kunna abin nan ba."

Ya juya kai gefe.

"Maiwada, ina yake?"

Ya ɗaga kai da ƙyar ya dubi mutanen da suka kewaye motar suna haki. "A ce su matsa tukuna."

"Su matsa ina?"

"Can gindin tsamiya."

Ƙafar ta riga ta kumbura har ƙwauri, mutumin kuma yana lissafin wanda zai ji. Hanne ta so ta kwaɗa masa mari kamar yadda takan yi suna yara. Maimakon haka ta miƙe ta roƙi jama'a su yi haƙuri su ɗan ja baya. Suka ja, wasu suna girgiza kai. Ya ce Talatu ma ta toshe kunne. Baiwar Allah ta sa yatsu a kunne, hawaye na zubo mata.

"Ƙarƙashin kujerar direba," ya raɗa. "Ta hagu."

Hanne ta dira, ta sa Usaini ya fito, ta cusa hannu ƙarƙashin kujera cikin ƙura da ɓawon gyaɗa. Ta taɓa wani ɗan makunni ta danna. Usaini ya koma ya murza. Babu labari.

Ta dawo bayan motar. "Na danna, ba ta tashi ba."

"Au," in ji shi. "Wannan na farko ne. Na ce a bar shi a wurin don ya ruɗi ɓarawo."

"Ya ruɗe ni dai. Ina na gaskiyar?"

"Bayan sitiyari, ki sa hannu ta ƙasa."

Ta koma. Wannan karon ba ta ko sa Usaini ya kau da kai ba, shi ne ma ya lalubo shi ya danna. Ya murza makulli har batir ya fara ja da nauyi, ya cire hannu don kada ya ƙarasa shi.

Da ta sake dawowa, Maiwada ya jiƙe da gumi, leɓensa ya bushe, dasashinsa ya fara nuna jini. Ta tambaye shi, ya ce ƙarƙashin kujera. Ta ce an wuce nan. Ya ce bayan sitiyari. Ta girgiza kafaɗarsa, ya dube ta kamar mai son tuna sunan wani baƙo, ya ce, "An canja. Na san an canja." Iyakar abin da ya iya tunawa ke nan.

Ta zaro wayarsa daga aljihun rigarsa ta miƙa wa Usaini ya nemo lambar Kamilu. Sai da ta yi ta ƙara kafin Kamilu ya ɗauka, ana jin bugun ƙarfe a bayansa.

"Malam Kamilu, Hanne ce, yayar Maiwada na Gafasa. Maciji ya sare shi, muna gona, mota ta ƙi tashi. Ina ka sa makunnin nan?"

"Innalillahi. Yana numfashi dai?"

"Yana yi. Ina makunnin?"

"Hajiya, kin san fa ya rantsar da ni. Kuma da bakinsa ya ce ko wani ya kira ni ya ce ba shi da lafiya, kada in yarda, dabara ce."

Hanne ta rufe ido. Wato har wannan ma ƙanenta ya tanada. "To kai a ganinka dabarar ce? Ni da ka ba benci na zauna a rumfarka?"

"Ban ce ba, Hajiya. Ki ba shi wayar kawai, in ji muryarsa ya sake ni. Kalma ɗaya ta isa."

Ta kai wayar kunnen Maiwada, shi kuma kansa yana ta juyawa, wayar tana zamewa. Usaini ya karɓa ya danna mata lasifika ya riƙe a saitin bakinsa. Kafin nan mutanen da aka kora gindin tsamiya duk sun dawo sun kewaye motar, ba wanda ya sake bi ta kansu.

"Maiwada," in ji muryar Kamilu, kowa yana ji. "In faɗa?"

Maiwada ya buɗe ido ya ga kawuna sun yi masa rumfa. Ya buɗe baki, Hanne ta ga alamar zai ce a matsa. Ta sunkuya dab da fuskarsa ta ce a hankali, "Wallahi in ka ce a matsa, zan sauke ka a nan in tafi gida."

"Faɗa," in ji shi.

"Ku kunna rediyo," in ji Kamilu.

"Wane rediyo?" in ji Hanne. "Rediyon da tun da muka sayi motar bai taɓa magana ba?"

"Shi fa. Maɓallin kunna shi na haɗa da wayar. Ku murza shi dama har ya yi ƙas, ku ɗan jira famfo ya jawo mai."

Usaini ya shiga ya murza. Aka ji wani siririn zuuu daga ƙarƙashin motar. Batirin ya riga ya yi sanyi, don haka aka sake turawa, a turi na farko ta kama.

Hanyar Gaya ba ta taɓa yi wa Hanne tsawo irin na ranar ba. Usaini yana gudu iyakar abin da ramuka suka bari, ita tana riƙe da ƙafar don kada ta motsa, Talatu tana ta addu'a ƙasa-ƙasa. Da suka isa asibiti suka tarar da Kamilu a bakin ƙofa, ya rufe rumfarsa ya zo a kan babur. Da shi aka kama aka shigar da mara lafiyar. Ma'aikatan suka tambayi irin macijin, Usaini ya kwatanta, aka sa masa ruwa da allurar dafi. Wata ma'aikaciya ta tambayi abin da ya tsayar da su a hanya. Hanne ta ce mota ce ta ba su matsala, ba ta ƙara komai ba.

Maiwada ya kwana biyu bai san inda yake ba. Ranar da hankalinsa ya dawo sosai, Hanne tana zaune a gefen gadon tana firfita masa kunu. Ya sha kaɗan, ya dubi ƙafarsa da ta yi suntum, sannan ya dube ta.

"Yaya, mutum nawa ne suka ji?"

Ta ajiye kofin. "Suka ji me?"

"Maganar rediyon."

"Duk wanda ya zo gayya. Su ne suka ɗauke ka, su ne suka tura motar har tafin hannunsu ya yi ja. In akwai ɓarawonka a cikinsu, to ya yi maka wahala."

"Dole a canja wuri."

"An riga an canja."

Ya yunƙura zai tashi zaune, ciwo ya mayar da shi. Ta bar shi ya gama nishi sannan ta yi masa bayani. Jiya ta sa Usaini ya kai motar wurin Kamilu. An cire matattun makunnan nan biyu an zubar. An mayar da na gaskiyar wani wuri, a gabanta aka yi, ta sa hannu ta gwada da kanta. Ita ta sani, Usaini ya sani, Talatu ma an nuna mata. Ba a rantsar da kowa ba.

"Har Talatu?"

"Ita ce ta riƙe kanka tana toshe kunne. Har ita."

"Ni fa?"

"In ka warke zan nuna maka. Kuma in ka sake kai motar nan Gaya a ɓoye, sai dai ka nemi mai sayen rabona, in koma ba masu amalanke kayana. Na gaji, Maiwada."

Ya juya fuska bango. Can ya ce mutum uku sun yi yawa. Ta ce huɗu ne, har da shi, ta ɗauki kofin ta ce ya buɗe baki kunun yana hucewa.

Ranar da aka sallame shi Usaini ne ya tuƙa. Aka sa Maiwada a gaba, ƙafar a miƙe a kan matashi, Hanne da Talatu suka hau baya da kwanuka da tabarmi. Tun daga Gaya ana jiyo muryarsa ta taga, yana cewa Usaini yana wahalar da giya, yana faɗa wa ramin da ya kamata ya kauce. Da suka kusa Ajingi Hanne ta bubbuga rufin motar, ta ce a tsaya a bakin kasuwa. Gyaɗar bana tana jibge a gida ba a ko fara suya ba, kuma tana bukatar sababbin jarkoki.